Kansar tumbi ga matashi: me ke sa wani ya warke, wani kuma a rasa shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ne mai shekara 32, ya yi kusan shekara guda yana shan maganin olsa, in ya sha ciwon ya lafa, in ya bari ya dawo. Da ya fara ramewa yana amai sai aka zura masa kyamara, aka ciro ɗan nama aka auna, aka ce kansar tumbi ce. A takardar an rubuta signet ring cell. Wasu na ce mana kansar yaro ta fi ta tsoho saurin kisa, wasu kuma na cewa ƙuruciyarsa za ta taimake shi. Wanne ne gaskiya? Kuma mu da muke ciki ɗaya da shi, me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ƙara muku haƙuri da juriyar jinya. Tambayarki ta ƙunshi abu biyu: shin shekarunsa ne za su nuna yadda cutar za ta kaya, sannan ina makomar sauran dangi. Duka maganganun biyu da kika ji akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Idan aka tara matasa masu wannan cuta wuri guda aka duba, za a ga da yawa ba sa daɗewa, domin akasari ana gano tasu ne bayan ta yi nisa, kuma irin da ya fi kama su yana da wuyar sha'ani. Amma idan aka ɗauki matashi da dattijo waɗanda cutarsu take mataki ɗaya, aka yi wa kowa cikakkiyar tiyata, matashin ba ya zama baya, sau da yawa ma yakan fi jure magani. Don haka abin da za ku sa wa ido shi ne inda cutar ta kai, da irinta, da kuma ingancin maganin da zai samu daga farko har ƙarshe.

Iri biyu ne, kuma halinsu ya bambanta

A duk shekara ana samun kusan mutum miliyan 1 da ke kamuwa da kansar tumbi a duniya, galibinsu sun haura shekara 60. Waɗanda ba su kai 40 ba ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu cutar ba. Tun 1965 wani masanin cututtuka ɗan ƙasar Finlan, Pekka Laurén, ya kasa ta gida biyu, kuma har yau da wannan rabon ake aiki.

Iri na farko shi ne na dattawa. Yana farawa da kumburin fatar tumbi ta ciki, yawanci saboda ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin tabbatattun masu haddasa kansa a 1994. Kumburin kan ɗauki shekaru 20 ko 30 yana cin fatar tana canza kama, kafin daga baya ƙari ya fito a dunƙule wuri guda. Shan taba, yawan gishiri, da abinci mai kyafi ko wanda aka adana da gishiri suna ƙara masa ƙarfi. Wannan irin ido na ganinsa da kyamara, kuma yana da iyaka da likitan tiyata zai bi ya yanke.

Iri na biyu shi ne ya fi yawa a matasa, kuma mata na kamuwa da shi kamar maza ko ma fiye. A nan ƙwayoyin kansar sun rasa abin da ke manne su da juna, sai kowace ta kama gabanta, su riƙa kutsawa ɗaya ɗaya a cikin kaurin bangon tumbi, ƙarƙashin fatar da kyamara ke gani. Kamar gara ce a cikin azara: waje na nan sumul, ciki kuwa an cinye. Kalmomin signet ring cell da kika gani a takardarsa suna nufin ƙwayoyin da majina ta cika su ta tura cibiyarsu gefe guda har suka yi siffar zobe, kuma ƙwayoyin wannan iri na biyu ne. Idan abin ya game tumbin duka, bangon kan yi kauri ya sandare ya daina buɗewa, mutum ya ci loma uku ya ji ya ƙoshi. Wannan irin ya fi son bazuwa zuwa tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, a mace kuma har zuwa ma'ajiyar ƙwai, shi ya sa wani lokaci ake fara ganin ƙari a mara kafin a gane daga tumbi ya taso.

Sai dai kada kalmar ta karya muku gwiwa tun yanzu. Ƙwayoyin masu siffar zobe idan an same su tun suna saman fata, sakamakon magani na da kyau ƙwarai. Sharrinsu na bayyana ne bayan sun ratsa bango.

Dalilin da ya sa ake makara

Labarin ƙanenki na shekara guda a kan maganin olsa shi ne labarin da aka fi ji. Alamun farko ba su da bambanci da na gyambon ciki: zafi a ƙahon zuciya, ƙwannafi, kumburin ciki bayan cin abinci, tashin zuciya. Magunguna irin su omeprazole suna rage ruwan tsamin tumbi, sai zafin ya kwanta, har ma gefen gyambon kansar ya ɗan yi kamar ya warke, alhali tana nan tana aikinta a ƙasa. Ƙa'idojin asibiti ma sun taimaka wajen jinkirin, domin a Ingila da Amurka shekara 55 ko 60 ake ɗauka a matsayin inda ake saurin tura mai ciwon ciki ɗakin kyamara. Wanda bai kai ba sai an ga alamar haɗari. Ga mace mai juna biyu kuwa, amai da kasala da ƙarancin jini duk laulayi ake ɗora wa.

Alamun da bai kamata a yi wa matashi uzuri a kansu ba su ne rama ba tare da dalili ba, saurin ƙoshi, amai mai nacewa, abinci na tsayawa a ƙirji, ƙarancin jini musamman a namiji, baƙin bayan gida mai yauƙi da wari, kaluluwa mai tauri a saman ƙashin wuya na hagu, ko tarihin cutar a dangi. Haka duk ciwon da ya dawo bayan mako 4 zuwa 8 na cikakken magani. A aikinmu ƙa'ida ita ce duk gyambon da aka gani a tumbi a ciri nama guda 6 zuwa 8 daga gefunansa, a kuma sake leƙawa bayan kimanin wata 2 a tabbatar ya rufe. Idan tumbin ya ƙi buɗewa da aka hura masa iska amma gwajin nama ya ce lafiya, ba a yarda da sakamakon, sai a sake cira daga can ƙasa.

Mataki shi ne kan gaba

Babu abin da ya kai matakin cutar nauyi. Ana auna shi da abu uku, kuma za ki gan su a takarda da haruffa T da N da M. Harafin T na nuna zurfin da ta yi a bango: T1 tana fatar ciki da abin da ke ƙarƙashinta, T2 ta shiga tsoka, T3 ta wuce tsoka, T4 ta ɓullo waje ko ta kama wata gaɓa kamar hanta ko saifa. Harafin N adadin kaluluwar da ta kama ne: N0 babu, N1 guda 1 zuwa 2, N2 guda 3 zuwa 6, N3 guda 7 zuwa sama. M1 kuma na nufin ta yi tsalle zuwa nesa.

Alƙaluman Amurka na nuna tazarar sarai. Cikin waɗanda cutarsu ba ta bar tumbi ba, kimanin kashi 75 cikin 100 na raye bayan shekara 5. Idan ta kai kaluluwar kusa, adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 35. Idan ta bazu nesa, ba ya kai kashi 10. A Koriya ta Kudu, inda ake ba duk wanda ya kai shekara 40 damar a duba tumbinsa da kyamara bayan kowace shekara 2, yawancin masu cutar ana kama su da wuri, kuma a matakin farko fiye da kashi 90 na tsira. Waɗannan alƙaluma na taron jama'a ne, sun haɗa tsoho mai ciwon zuciya da wanda ya ƙi magani da wanda aka yi wa magani shekaru da suka wuce. Suna nuna alkibla, amma ba sa faɗin ranar kowa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen tantance matakin. Hoton CT na ƙirji da ciki da mara, tare da allurar rini, wajibi ne, sikanin na yau da kullum ba ya wadatarwa. Amma CT ba ya ganin 'yan ƙananan tsiro da ke warwatse a tantanin ciki, kuma su ne irin ƙanenki ya fi yi. Hoton PET ma yakan rasa wannan irin domin ƙwayoyinsa ba sa shan sinadarin da ake ɗura wa mutum sosai. Saboda haka kafin a yanke shawarar babbar tiyata, ana yin ƙaramar tiyatar leƙe: a huda ciki a zura kyamara a duba tantanin da ido, a zuba ruwa a wanke, a kwashe ruwan a kai ɗakin gwaji. Idan an sami ƙwayoyin kansa a ruwan, ana lissafa ta a mataki na 4, wato wadda ta riga ta bazu, ko da ido bai ga komai ba. Rashin yin wannan shi ke sa a buɗe mutum a tarar ba abin da za a iya, a rufe, a jinkirta masa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, da makonni a banza. Gwajin jini na CEA da CA 19-9 kuwa ba ya tabbatar da cutar ba ya kore ta, da yawa masu cutar nasu daidai yake fitowa.

Idan ba ta bazu ba

A nan manufar magani warkewa ce, kuma ƙafa biyu take tafiya a kai: kemo da tiyata. Binciken MAGIC da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa ba da kemo kafin tiyata da bayanta ya ɗaga masu kai shekara 5 daga kashi 23 zuwa kashi 36. A 2019 wani bincike na Jamus ya nuna haɗin da ake kira FLOT ya fi tsohon haɗin, inda matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 35 zuwa wata 50. Magani huɗu ne: fluorouracil, leucovorin, oxaliplatin da docetaxel. Ana ba da shi duk mako 2, zagaye 4 kafin tiyata, a huta mako 4 zuwa 6, a yi tiyata, sannan a ƙara zagaye 4. Haɗi ne mai ƙarfi, kuma a nan ne ƙuruciya ke amfani, domin zuciya da ƙoda da ɓargon matashi sun fi ɗauka. A Japan da Koriya an fi fara tiyata sannan a bi da kemo na wata 6 zuwa shekara 1. Wannan ma hanya ce tabbatacciya, musamman idan tumbin ya toshe ko yana zubar da jini har ba za a iya jira ba.

Ingancin tiyatar kanta na da alamomi da za ku iya dubawa a takardar gwajin naman da aka cire. Na farko, bakin yankan ya fita tsaf ba ƙwayar kansa, abin da ake rubutawa R0. Tunda wannan irin na rarrafe a ɓoye, likita kan bar tazarar aƙalla santimita 5 daga inda ido ke gani, wasu har 8, kuma sau da yawa hakan na nufin cire tumbin gaba ɗaya a haɗa bututun abinci da ƙaramin hanji. Na biyu, a kwashe kaluluwar da ke kewaye da tumbi da wadda ke bin manyan jijiyoyin jininsa, aikin da ake kira D2. Na uku, a ƙirga aƙalla kaluluwa 16 a ɗakin gwaji. Idan guda 5 kawai aka duba aka ce babu komai, wannan sakamako ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa nake ba da shawarar a nemi cibiyar da ke yin wannan tiyata a kai a kai, inda likitan tiyata da na kemo da na hoto da na gwajin nama ke zama tare kan kowane majinyaci. Mako 1 ko 2 da za a ɓata wajen neman irin wannan wuri ya fi gaggawar shiga hannun wanda bai saba ba.

Abin da ke rushe tsarin galibi katsewa ne. A manyan binciken nan biyu ma, waɗanda suka iya kammala kemon bayan tiyata ba su kai rabi ba. Rama ce kan gaba wajen jawo haka, sai ɗinkin da ya yi yoyo, sai tsoro, sai ƙarewar abin hannu, sai barin asibiti a tafi gwada wani abu na wata 3 a dawo cutar ta tsallake matakin da ake iya yankewa. Wannan na ƙarshen ya fi komai ciwo, domin dama ce da ba ta dawowa. Lokacin kemo, zazzabin da ya kai digiri 38 na gaggawa ne, a tafi asibiti a daren, kada a sha maganin zazzabi a kwanta, domin ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta na iya yin ƙasa sosai. Oxaliplatin na sa yatsu su riƙa suka kamar da allura ko su daina jin taɓi, sanyi na tsananta shi, a faɗa wa likita da wuri don a rage kafin ya zauna. Gudawa mai tsanani da gyambon baki a zagayen farko ma abin kai rahoto ne nan take, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya iya narkar da fluorouracil.

Idan ta riga ta bazu

A mataki na 4 cire tumbi ba ya ƙara tsawon rai a mafi yawan lokuta, sai dai don toshewa ko zubar jini. Manufa ta koma danne cutar, a tsawaita rai, a samu sauƙi. Da kemo kaɗai matsakaicin abin da ake samu ya kai kimanin shekara 1, wasu ƙasa, wasu sama da haka nesa. A nan ya kamata a auna naman a nemi alamomi huɗu da ke nuna maganin da zai yi wa kansar aiki. HER2, wanda idan akwai shi ake ƙara maganin trastuzumab, ko da yake bai cika fitowa a irin na matasa ba. PD-L1 da MSI, waɗanda ke nuna ko magungunan zaburar da garkuwar jiki irin su nivolumab da pembrolizumab za su yi aiki, kuma masu MSI mai yawa kan samu amfani mai ɗorewa. Sai Claudin 18.2, wanda aka amince da maganinsa zolbetuximab a 2024. Idan ƙofar tumbi ta toshe ana iya sa ɗan bututun ƙarfe da kyamara ko a yi wa abinci wata hanya. Ruwan da ke taruwa a ciki ana zuƙe shi. Maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin haƙƙinsa ne, kuma fara shi da wuri ba alamar an sallama ba ce.

Abinci da ƙarfin jiki

Wannan ɓangaren a hannunku yake, kuma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A auna nauyinsa duk mako a rubuta. Wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 yana buƙatar taimakon masanin abinci kafin tiyata, wani lokaci har da bututun ciyarwa. Kada a hana shi nama ko ƙwai ko madara da sunan kada a ciyar da kansa, jikinsa ne zai rame ita kuwa ba za ta fasa ba. Tafiya a ƙasa kullum gwargwadon iko na riƙe tsoka.

Bayan an cire tumbi mutum na rayuwa, yana aiki, yana aure. Sai dai cin abinci ya canza: kaɗan kaɗan sau 6 zuwa 8 a rana, a tauna sosai, a raba ruwa da abinci da kamar minti 30. Kayan zaƙi na faɗawa hanji kai tsaye su kawo jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa cikin minti 10 zuwa 30, ko sukarin jini ya faɗi bayan awa 1 zuwa 3. Allurar bitamin B12 ta zama ta har abada, domin sinadarin da ke sa jiki ya tsotse shi tumbi ne ke yin sa, kuma rashinsa na lalata jijiyoyi a hankali. A riƙa duba sinadarin ƙarfe na jini da kalsiyam da bitamin D. Yawancin dawowar cutar na faruwa ne cikin shekara 2 zuwa 3 na farko, don haka ziyarar asibiti ta fi yawa a wannan tsakanin.

Akwai maganar da ake mantawa da ita a ruɗanin farko, ita ce haihuwa. Kemo na iya rage ta. Adana maniyyi aikin kwana kaɗan ne, adana ƙwan mace kimanin mako 2, kuma dole a yi kafin zagayen farko. A guji ɗaukar ciki duk tsawon magani da watannin da likita zai ƙayyade bayansa.

Ku da kuke ciki ɗaya da shi

Kusan kashi 10 cikin 100 na masu cutar na da wani a dangi da ya yi ta, amma gadon da aka tabbatar kashi 1 zuwa 3 ne kawai. Mafi shahara shi ne lahani a ƙwayar gado mai suna CDH1, wanda aka fara ganowa a 1998 a wani dangin Maori na ƙasar Niyu Zilan. Ƙa'idar masana ta 2020 ta ce duk wanda ya kamu da wannan iri na biyu kafin shekara 50 ya cancanci gwajin gado ko da babu kowa a dangi, saboda haka ƙanenki na ciki. Shi za a fara aunawa. Idan an samu, kowane ɗan'uwa ko ɗa nasa na da damar rabi da rabi na ɗauke da shi. Mai ɗauke da shi ana tattauna masa cire tumbi tun yana lafiya, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 30, ko kyamara duk shekara a cibiyar ƙwararru, mata kuma a haɗa da binciken mama domin lahanin na jawo wani irin kansar mama. Ki zauna da manyan gida ki rubuta duk wanda ya yi kansar ciki ko hanji ko mama ko mahaifa, ta wajen uwa da ta wajen uba, da shekarun da ya kamu.

Ko gwajin gado ya fito babu komai, dukanku ku auna H. pylori, domin a gida ɗaya ake ɗaukarta tun yarinta. Wani bincike na Koriya da aka wallafa a 2020 ya nuna kashe ta a 'yan'uwan masu cutar ya rage haɗarin da fiye da rabi. Gwajin bayan gida ko na numfashi ake yi, bayan an dakatar da omeprazole da danginsa mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba sakamakon zai fito babu alhali akwai. Maganin haɗi ne na kwana 14, a sha shi duka, a sake aunawa bayan aƙalla mako 4. Gwajin jini ba ya nuna ta mutu, domin yakan ci gaba da nuna akwai har bayan an warke.

Daga nesa ba zan iya ce miki ga matakin da ƙanenki yake ba, domin takardar gwajin nama ta faɗi iri ne kawai. Idan za ku koma wurin likitansa, ku tambayi mene ne T da N da M ɗinsa a hoton CT, ko za a yi tiyatar leƙe da wankin ciki kafin babbar, ko manufar maganin warkewa ce ko dannewa, ko kemo za a fara ko tiyata da dalilin zaɓin, da kuma ko an tura naman gwajin HER2 da MSI. Ku karɓi kwafin kowace takarda da faifan hoton ku ajiye a fayil guda, domin duk likitan da za ku nemi ra'ayinsa na biyu da su zai fara.